Injiniya Na-San-Shi da Ɗakin Sanyi

Idan za a jera mutanen da Allah ya yi wa baiwar sani, to a fara da Injiniya Na-San-Shi. Sannan a zauna, a sha ruwa, a huta, kafin a ambaci na biyu, don tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙafa ba ce.

Mutum ne da ba a taɓa kawo masa labari ba. Labari ne ke zuwa ya tarar ya riga shi isowa. Ka ce masa an ƙera mota mai tafiya ba direba, kafin ka rufe baki ya ce, "Na san ta." Ka ce masa likitoci sun gano sabuwar cuta, ya ce, "Na san ta tun tana ƙarama." Wata rana Mai Sito na kamfanin da yake aiki, don neman magana, ya ƙirƙiro sunan wani inji da babu shi a duniya, ya tambaye shi ko ya taɓa jin labarinsa. Injiniya ya gyara zaman tabarau ya ce ai shi ya ba da shawarar a rage masa nauyi. Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Injiniyancin nasa ma ba abin musu ba ne. Takardar shaida tana nan a bangon ofishinsa cikin gilashi, an kafa ta can sama dab da silin, inda hannun mahassada ba ya kaiwa. Idonsu ma haka.

Kamfanin na sayar da kayan gyaran motoci ne, sari da ɗai-ɗai. Na yayarsa ne, wadda ma'aikata ke kira Hajiya. Da tebur guda ta fara, da fulogi da bel ɗin fanka a kai, har abin ya zama bene: kanti a ƙasa, sito a baya, ofisoshi a sama. Da ta ga ƙaninta ya gaji da zaman gida, gidan ma ya gaji da shi, sai ta ce ya zo ya riƙa kama mata. Shi ya zaɓa wa kansa muƙami, Babban Daraktan Fasaha da Hangen Nesa. Sai da mai rubuta allo ya ƙara katako kafin sunan ya shiga. Kowa Yallaɓai yake ce masa. Hajiya ce kaɗai ke kiransa Auta, ko a gaban baƙi, shi kuma ya waiga baya kamar da wani ake.

To amma babu babba marar damuwa. Damuwar Injiniya zafi ce. Ofishinsa yamma yake kallo. Daga azahar rana ta kama bangon ba ta saki sai ta faɗi. Shi kuma ba ya tuɓe kwat, don a cewarsa ilimi ba ya yawo da singileti. Haka zai zauna yana naso kamar sabuwar randa, fankar sama tana kwaso masa zafi daga kunnen dama ta mayar na hagu.

A ƙarshen barandar kuwa akwai wani ɗaki. Shi kaɗai ne a duk ginin mai na'urar sanyi, wadda ba a kashe ta ko ranar hutu. In ka bi ta bakin ƙofar, sanyi zai lallaɓo ta ƙasa ya shafi idon sawunka. Kuma su wa ke ciki? Ƙarafa. Manyan kwamfutoci bakwai, irin waɗanda ake kira saba, kowace da aikinta. Wannan ta rasit, wannan ta sanin abin da ya rage a sito, wannan ta wasiƙu, waccan ta kyamarorin tsaro, har bakwai. Duk ƙananan kwamfutocin kanti da na ofisoshi daga wajensu suke ɗiba, kamar yadda unguwa ke ɗiba a rijiya. Kullum Injiniya ya zo wucewa sai ya tsaya ya sunkuya kamar mai ɗaure igiyar takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya. Abin yana ci masa rai. Ƙarfe bakwai, ko firamare ba su yi ba, suna kwance cikin ni'ima, mai hangen nesa yana dahuwa a kwat. Ya ƙudurta a ransa, ko ba daɗe ko ba jima, ɗakin nan sai ya zama ofishinsa.

Makullin ɗakin yana hannun Maman Biyu. Shekararta goma sha huɗu tana kula da injinan. Mace ce mai gajeriyar magana da ciwon gwiwa, kullum da sukundireba a jakarta inda sauran mata ke sa madubi. Idan abu ya lalace ita ke gyarawa. Idan ya gyaru Injiniya ke sanarwa. Haka aka raba aikin tun farko, kuma ba a taɓa samun saɓani ba.

Wata safiya ta shiga wajen Hajiya, Injiniya na zaune, ta ce injinan nan sun tsufa, ɗaya ma ya fara tari. Ta ce yanzu an daina sayen inji bakwai don aiki bakwai. Akwai manhajar da ake sa wa babban inji guda, ta yanka cikinsa ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Kowane aiki ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa, yana ganin shi kaɗai ne a gidan. Ita kuma manhajar ta zama mai kula da gida, tana raba musu wuta da ruwa daidai buƙatar kowa. Ta ce irin waɗannan manhajoji guda uku ne suka dace da kamfani kamar nasu, sai a gwada a zaɓa. Ta kuma ce a sayi babban inji biyu, ba ɗaya ba, don in gida ɗaya ya kama da wuta 'yan haya su sami inda za su kwana.

"Ni dai kada rasit ya tsaya," in ji Hajiya. "Bakanike ba ya jira." Tafiya ce a gabanta ta mako uku, za ta je karɓo kaya.

Duk bayanin nan abu ɗaya ne ya shiga kunnen Injiniya, wato bakwai za su koma ɗaya. Maganar inji biyu ta zo za ta shiga, ya rufe mata ƙofa. Inji biyu sai sun ci rabin ɗaki, kuma a ci gaba da kiransa ɗakin inji. Inji ɗaya kuwa kusurwa ta ishe shi. Sauran filin fa? Ya lumshe ido. Tebur. Kujera mai juyawa. Kafet. Sanyi.

Ya miƙe ya ɓalle maɓallin kwat ya sake ɓallawa.

"Yaya, wannan fasaha na san ta. Ina cikin waɗanda suka fara tunaninta, ayyuka ne suka yi mini yawa wasu suka riga ni fitarwa. Kwatanta manhaja ba aikin masu ɗaure waya ba ne, ba raini ba. Aiki ne na ƙwaƙwalwa. Ki tafi da kwanciyar hankali. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"To, Auta, ka dai ji abin da ta ce," in ji Hajiya, tana laluben makullin motarta.

"Na ji shi tun kafin ta faɗa."

Hajiya na fita ya sa aka kawo farin allo, ya ja layi uku, ya aika a sanar da masu manhaja cewa Darakta zai saurare su.

Kamfanin manhaja ta farko ya aiko wakili, dogon mutum mai ƙamshin turare. Ya shigo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya." Ya ajiye kundin talla mai bango kamar ƙyauren ɗaki, da hular hana sallah ɗauke da tambarin kamfaninsu. Ya yi bayani na awa guda. Tasu tsada gare ta, kuma duk shekara sai an sabunta izini, amma in ta yi gardama akwai waɗanda za a kira su amsa nan take. Har ya ce gwanintarta ba ta fitowa sai da inji biyu, don tana iya ɗauke aiki daga wannan ta mayar wancan ba tare da kowa ya sani ba. A daidai wannan gaɓar Injiniya yana gwada hular a gilashin taga. Ma'aikata suka sa wa manhajar suna Mai Hula.

Wakilin ta biyu a kan babur ya zo, a gaggauce, da kofin shan shayi na kyauta da ɗan kundi mai laushi. Tasu tana tafiya da irin tsarin da kwamfutocin kamfanin suka riga suka sani, ba sai an koyi sabon karatu ba, kuɗinta kuma tsaka-tsaki. Magana mai ma'ana. Sai dai bawan Allah ya yi kuskuren da ba a yafewa. Yana shigowa ya ce, "Sannu, Malam. Ina mai kula da injinan?" Ya juya wajen Maman Biyu ya ci gaba da bayani. Injiniya ya karɓi kofin, don kyauta ba ta da laifi, sannan ya je allo ya zana sifili mai girman faranti. Wannan ita ce Mai Kofi.

Ta uku ba ta da wakili. Kyauta ce. Jama'a ne daga wurare daban-daban suka haɗa hannu suka gina ta, kowa na iya saukewa. Abin da take nema shi ne hannun da ya san aiki, in kuma ana son masu amsa kira sai a yi yarjejeniya daban. Ba hula, ba kofi, ba gaisuwa. Maman Biyu ce ta buga bayaninta a takarda ɗaya ta kawo. Mai Sito ya dube ta ya ce, "Allah sarki, Marainiya." Injiniya ya riƙe takardar da yatsa biyu kamar wutsiyar mataccen ɓera.

"Abin da ba shi da mai zuwa gaisuwa ba shi da asali," ya ce. "Araha ba ta ado. In ta lalace, wa zan yi wa tsawa?"

Kada wani ya ce son zuciya ya yi. Injiniya mutumin kimiyya ne, ba ya yanke hukunci sai da awo. Ya sauka sito da kansa, ya sa leburori suka sauke buhun kusoshi daga kan sikeli. Ya ɗora kundin Mai Hula, allura ta tafi har kilo ɗaya da ɗoriya. Ya ɗora na Mai Kofi, allura ta ɗan motsa don kara. Ya ɗora takardar Marainiya, allura ko gezau. Iska ma ta zo ta ɗauke takardar, sai da lebura ya bi ta har bakin ƙofa. Injiniya ya koma sama ya cika allonsa. Sashe na farko, Nauyi. Na biyu, Ladabi. Na uku, Kyautar Wakili. Na huɗu, Ƙamshin Takarda, wanda ya auna da hancinsa, ido a rufe, don gudun zalunci. Mai Hula ta cinye huɗun duka. Ba a taɓa ganin irin wannan rinjaye ba.

Maman Biyu ita ma ta yi nata ɗan kwatancen, irin na marasa hangen nesa. Ta sa kowace manhaja a wani tsohon inji ta gwada, kwana huɗu. Ta duba wacce za ta ɗauki tsohon tsarin rasit ɗinsu ba gardama, wacce ke da sauƙin yin ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafin bayanai don ranar da inji ya tsaya, wa za a kira in ta ƙi, nawa za a kashe bana nawa za a kashe baɗi. Ta zo ta ce duka ukun suna aiki. Kowacce aka zaɓa za ta riƙe kamfanin, in dai inji biyu ne, kuma kwafin ko-ta-kwana yana wani wuri daban.

Injiniya ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ya kusa ganewa.

"Maman Biyu, kina da ƙoƙari, amma tunaninki na jiya ne. Ke da bakinki kika ce inji ɗaya yana ɗaukar ɗaki bakwai. Wanda ya ɗauki bakwai, takwas ce za ta gagare shi? A yanka ɗaki na takwas, a zuba ko-ta-kwanan a ciki. Kusa da 'yan uwansa. In ana nemansa ba sai an yi tattaki ba. Wannan shi ake kira hangen nesa."

"Yallaɓai, in injin ya tsaya fa?"

"Mai Hula ba ta tsayawa. Kin ɗaga kundinta kuwa?"

Ba ta ja da shi ba. Ta ce dai ya rubuta mata umarnin ya sa hannu. Ba abin da Injiniya ke so a duniya kamar sa hannu. Ya yi mata wanda ya ci rabin shafi, da wutsiya a ƙarshe. Ta ninke ta sa a jaka, kusa da sukundireba.

Aka kawo sabon inji, baƙi, mai tsawon kugu. Kwana uku Maman Biyu tana kwashe ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya tana shigar da kowane ɗakinsa. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa da hula a kai, yana sa ido, yana shan sanyi da rabin jiki. Da aka gama ya kira Mai Sito da Kashiya su zo su ga abin al'ajabi. Ya durƙusa, ya kunna tocilar waya, ya kafa ido a 'yan hujojin gaban injin.

"Ga su nan," ya ce cikin raɗa. "A jere. Na rasit ne a bakin ƙofa. Na takwas yana can ƙurya yana hutawa."

Mai Sito ya leƙa ya daɗe. "Yallaɓai, ni fanka nake gani tana juyawa."

"Ai sai da idon ilimi."

"To, Allah ya ba mu," in ji Mai Sito.

Ya ba da umarni a sauke tsofaffin injinan bakwai zuwa sito. Maman Biyu ta ce tana roƙon alfarma, a bar mata guda ta riƙa ɗora ƙafa. "Gwiwa, Yallaɓai." Injiniya ya yi jawabin minti goma a kan tausayin na ƙasa, sannan ya ba ta. Ta tura shi ƙarƙashin teburinta. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa matashin ƙafa yake da waya a bayansa.

Ranar da Injiniya ya tare, sai da aka san an yi tariya. Leburori huɗu suka ɗauko tebur. Aka shimfiɗa kafet. Aka kawo tsani aka kafa takardar shaida a mazauninta na sama. Ya karɓe makullin daga hannun Maman Biyu ya haɗa da na motarsa. Ya jera kundin talla uku a kan tebur don tarihi. Ya zauna, ya juya kujera sau biyu, ya fara kiran mutane a waya, har waɗanda suka shekara ba su gaisa ba. "Ina ofis. Wallahi sanyin ne ya ɗan yi yawa. Ka san aikin namu." Ya kira Kashiya sau biyar a yini ɗaya don ya tambaye shi abin da bai taka kara ya karya ba. Kashiya bai yi ƙorafi ba, har yana mantuwa da biro don ya dawo.

Sai dai zuma da harbi take. Sabon injin huci yake yi ba dare ba rana, kamar mai jin haushin an raba ɗaki da shi. Hucin yana shiga cikin wayoyin Darakta. Maganin wannan bai ɗauke shi minti biyu ba. Ya kira kafinta ya buga kabad ta katako a kusurwa, aka tura injin ciki aka rufe. Ya yafa mata zane mai ado har ƙasa, ya ɗora kofin kyauta a kai. Ɗaki ya yi tsit, ya yi kyau. Wanda ya shigo ba zai ce akwai ƙarfe a ciki ba.

A kwana na uku mura ta kama shi. Jikin da ya shekara tara yana dahuwa ba ya karɓar sanyi haka kwatsam. Ya fara atishawa mai girgiza tabarau. Ya zo da safa biyu, ya naɗe wuya da mayafin matarsa ya ce sabon yayi ne. Ga rimot a kan tebur, dannawa ɗaya ya huta. To amma in ya kashe na'urar, 'yar koriyar fitilar nan za ta mutu, baƙo ya shigo ya ɗauka ofishin talaka ne. Nan hangen nesa ya sake yin aikinsa. Ya aika sito aka kawo kwalin takalmin birki da salatif, ya hau kujera ya toshe bakin na'urar ruf. Fitila na ci. Na'ura na gurnani. Sanyi yana ɗaure a ciki kamar ɗan kurkuku. Kowa ya sami abin da yake so.

Bayan kwana biyu ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin kwalin zuwa kan kafet. Injiniya ya ce raɓa ce, alamar na'ura mai lafiya.

Maman Biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa, tun da yanzu sai da sallama take shiga. Ta je ta ɗora tafin hannu a jikin kabad ta ɗauke da sauri, kamar ta taɓa murfin motar da ta sha tafiya.

"Yallaɓai, sanyin ɗakin nan ba don mu aka sa shi ba."

"Na san shi," in ji Injiniya ta cikin hanci. "Wancan tsohon zance ne. Injin zamani da sanyinsa yake zuwa tun daga masana'anta. Ki je ki kula da gwiwarki."

Ta tafi. Wanda bai ji bari ba, ai akwai abin da zai ji.

Ranar Asabar na'urar sanyi ta shaƙe ta mutu a bayan kwalinta. Amma 'yar fitilar ba ta mutu ba, don haka a wajen Darakta lafiya lau.

Litinin da safe Hajiya ta dawo da manyan motoci biyu shaƙe da kaya. Kanikawan gari sun ji labari, layi tun daga kanti har bakin titi, kowa da tsohon ƙarfe a hannu yana neman irinsa. Rana ce ta ciniki, irin wadda ba a samu sau uku a shekara. Injiniya ya ga babu ranar da ta fi ta dacewa da nuna aiki. Ya tare yayarsa a matakala, ya kai ta sabon ofis, ya sa aka kira Maman Biyu da Mai Sito su zama shaidu.

Hajiya ta shiga ta tsaya. Ta kama gefen mayafi ta fara fifita.

"Auta, ɗakin nan ai ya fi tsohon ofishinka zafi."

"Ɗumin fasaha ne, Yaya. Ki saurara." Ya dafa kabad, ya janye hannu, ya sa a aljihu. "A da, ƙarfe bakwai ne ke cin wuta a nan, ba tsari, ba ladabi. Na zauna na auna manhaja uku da ma'aunin da ba a taɓa amfani da shi ba a tarihin wannan fanni. Na zaɓi mafi nauyi. Na haɗa bakwai a ciki guda, na ƙara na takwas daga ƙwaƙwalwata. Wannan inji da ke bayan zanen nan, Yaya, ko sama za ta haɗu da ƙasa..."

Kabad ta yi ƙara. Wata siririyar ƙara, sau uku, kamar ɗan tsako a bakin shaho. Sannan hucin ya tsaya. Shirun da Injiniya ya daɗe yana nema ya samu cikakke.

Ba a yi numfashi biyu ba muryar Kashiya ta taso daga ƙasa. "Rasit ya tsaya! Hajiya, rasit ya tsaya!" Wani daga sito ya ɗauka, "Ba ma ganin kaya!" Kanikawa suka fara buga kanta da sifana, a tare, kamar sun yi gwaji.

"A kwantar da hankali!" in ji Injiniya, ya ɗaga hannu biyu. "Don irin wannan rana na yi tanadi. Maman Biyu, a tashi na takwas!"

"Na takwas yana ciki, Yallaɓai. Tare suka suma."

Hajiya ta dubi kabad. Ta dubi kwalin birki a bango. Ta dubi mayafin surukarta a wuyan ƙaninta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta saba ba.

"Auta. Wato ka kulle akwati, ka jefa makullin a ciki don kada ya ɓata."

Injiniya ya buɗe baki zai ce ai masu ɗaure waya ne suka yi aikin. Maman Biyu ta zuge jaka, ta ɗan nuna gefen wata takarda, daidai inda wutsiyar sa hannu ta leƙo. Ya mayar da bakin ya rufe. Karon farko ke nan da aka ga abu ya zo bai ce ya san shi ba.

"Hajiya, matashin ƙafata yana kwafar bayanan rasit da na sito duk yamma kafin in tashi," in ji Maman Biyu. "Zan tayar da shi yanzu. Tafiyar jaki zai yi, amma za a sayar da kaya. Sauran ayyukan sai babban ya farfaɗo. Bai ƙone ba, kashe kansa ya yi don ya tsira. Sai ya huce, kuma ya zauna a huce har mai gyaran na'urar sanyi ya zo. Na kira shi, ya ce sai bayan la'asar."

Mai Sito ya yaye zanen, ya ɓalle ƙofar kabad, suka jawo injin waje. Zafin da ya fito sai da ya sa kowa ya ja da baya.

"A kawo fankar kanti!" in ji Injiniya, muryar mulki tana neman dawowa.

"Fankar kanti ta masu tsaye a layi ce," in ji Hajiya. Idonta ya sauka a kan tebur, inda kundin talla uku ke jere don tarihi. "Ka ce ka gwada su ukun nan, ko? Sake gwadawa. Durƙusa."

Ya durƙusa. Ya fara yi wa injin fifita da takardar Marainiya, ta lanƙwashe a kaɗawa ta biyu. Ya ɗauki na Mai Kofi, ya yi laɓo-laɓo kamar kunnen akuya, iska ba ta kai ko'ina ba. Ya ɗauki na Mai Hula da hannu biyu, kilo ɗaya da ɗoriya, ya kaɗa. Iska ta tashi har gefen kafet ya motsa.

"A nan kam ka iya zaɓe," in ji Hajiya.

Ta juya ta ce wa Maman Biyu ta nemo inji na biyu a cikin makon nan, ta sa ko-ta-kwana inda ta ga dama. Ta miƙa hannu, Injiniya ya ciro makulli daga cikin na motarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana fifita. Ta ce gobe da safe leburori su mayar da tebur inda rana ta san shi.

"Amma yau ɗakin naka ne, Auta, har yamma. Ka daɗe kana so. Kada ka fita."

Bayan awa guda fitilun injin suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Duk sanda Injiniya ya tsaya ya huta, siririyar ƙarar nan ta taso, ya zabura ya ci gaba. Mura ta warke ba magani. Da azahar ya kwance mayafi. Can ya cire hula. Kafin la'asar abin da ba a taɓa gani ba ya faru, kwat ta sauka, riga ta bi ta. Ma'aikata suka riƙa hawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan uzurinsa, don su ga ilimi da singileti.

Mai gyaran na'urar sanyi ya iso da tsaninsa a kafaɗa, Mai Sito yana nuna masa hanya. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga kwali manne a bango. Ya ga mutum mai tabarau a durƙushe, jike sharkaf, yana yi wa baƙin ƙarfe fifita da littafi, kamar mai jinyar uban gidansa. Ya rage murya.

"Wannan bawan Allah fa? Kun san shi kuwa?"

"Na san shi," in ji Mai Sito. "Shi ne fankar ko-ta-kwana."